Yaro, bara da dillali: yadda attajiran Damargu ke riƙe masu sayar musu da haja

A cikin wannan takarda za mu duba wasu kalmomi da ƴan kasuwar Damargu, wato yankin Tanut da Belbeji a arewacin jihar Damagaram, suke amfani da su idan suna maganar mutanen da ke sayar musu da haja. Wahalar fassara ce ta kawo mu ga wannan batu. Duk sa'ad da muka ba ɗalibai jimlar "yaron Alhaji ne" don su juya ta zuwa Faransanci, galibinsu sukan rubuta *employé*, wasu kuma *domestique*. Dukansu biyu sun kauce, domin suna nufin mutumin da albashi ya ɗaure, alhali abin da ke ɗaure yaro a gidan attajiri wani abu ne dabam.

Tsarin ya daɗe a wannan ƙasa. A ƙarni na 19 Damargu ita ce rumbun hatsin Azbin, kuma ta nan ayarin da ya taso daga Tarabulus yake bi zuwa Damagaram da Kano. Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya nuna cewa manyan fatake suna zaune wuri ɗaya, wakilansu ne ke yawo da dukiya. Mafi shahara cikinsu a Damagaram shi ne Malam Yaro (abin mamaki, attajirin da ya tara yara haka, sunansa Yaro). Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya durƙushe, ciniki ya juya kudu da dabbobi da hatsi, amma dangantakar mai gida da yaronsa ta tsira.

Mu fara da kalmomin kansu. *Yaro* a kasuwa ba ruwansa da shekaru: mai furfura yana iya zama yaron wani, muddin da dukiyar wancan yake juyi. *Bara* (jam'i *barori*) ta fi tsufa, ta kuma fi nauyi, don tana ɗauke da ƙamshin fada. Matasa ba su cika son a kira su da ita ba. A lura cewa rubutun boko ya haɗe ta da *bara* ta almajiri, ga shi kuwa a baki /r/ ɗinsu ba ɗaya ba ce: ta farko ƴar kaɗawa ce, ta biyu mai karkarwa. *Dillali* aro ne daga Larabci, haka ma *la'ada*, wadda asalinta ke nufin abin da aka saba. *Amana* da *arziki* su ma daga can suke. Kalmar da ba mu cika ji ba a tsakanin mai gida da yaro ita ce *albashi*.

To, da me ake riƙe yaron da ya iya ciniki? Yakan fara da ɗaukar buhu da share rumfa, sannan a ba shi tiya ya yi awo, sannan a aike shi kasuwannin ƙauye, Gangara ko Bakin Birji, da kuɗi kaɗan. In ya dawo da lissafi cikakke sau da yawa, sai a ƙara. Kowane mataki gwaji ne, kuma kowanne lada ne, domin jama'a suna gani. A wannan tsakani ci da sutura da magani da kayan salla suna wuyan mai gida. Sai kuma manyan abubuwa, waɗanda ake faɗi kamar haka:

(1) Alhaji ya yi masa aure.
(2) Alhaji ya ba shi jari.
(3) Alhaji ya sallame shi.

Jimla ta (3) ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce ta fi ruɗa masu fassara. A Hausar ofis da ta rediyo, "an sallame shi" na nufin an kore shi daga aiki. A bakin mai sayarwa, "na sallama" na nufin na yarda da tayinka. A tsakanin mai gida da yaro kuwa, sallama ita ce ranar da aka damƙa masa jari da albarka, ya buɗe tasa rumfar. Wannan rana ce yake yi wa aiki tun daga buhun farko. Ke nan attajiri yana riƙe gwanin yaronsa ne da alkawarin zai sake shi, kuma sakin ba asara ba ne: wanda aka sallama da daɗi yakan ci gaba da saro kaya a gidan, ya karɓi bashi, ya kawo labarin farashi, ya zo gaisuwa ranar Juma'a. Wannan ne Emmanuel Grégoire ya bayyana a nazarinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi da kalmar *arzikin mutane*. Inyamurai ma suna da irin wannan sallama ga yaran shago, sai dai su sukan yanke adadin shekaru tun farko.

Nan ne rauninmu yake. Ba a yanka wa'adi, ba a rubuta komai, kuma kunya ba ta barin yaro ya ce, "Alhaji, yaushe?" Mai gidan da ya ga yaronsa ya fi kowa jawo masu saye shi ne ya fi jin ƙyashin sallamarsa. Shekara ta bi shekara, sai a fara jin wasu kalmomi: "ya ci amana", "ya ɓalle", "ya bar gidan". A ganinmu, da yawa daga abin da ake kira cin amanar yaro jinkirin mai gida ne ya haife shi.

Dillali kuma nasa lissafin dabam. Shi la'ada yake ci a kan kowane ciniki, don haka ba ya jiran sallama. A kasuwar dabbobi shi ne ma ke ƙoƙarin riƙe mutane: ya sauki Bafillace ko Buzu, ya ba shi ruwa da abinci, ya tsaya masa shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Abner Cohen ya ga kusan haka a Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969.

Abubuwa biyu sun rage wa mai gida ƙarfi. Na farko salula. Jenny Aker ta nuna cewa shigowarta Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Sanin farashin nesa, wanda dā sirrin mai gida ne, ya zama na kowa, kuma lambobin masu saye suna cikin wayar yaro. Ranar da ya tafi, da su zai tafi. Na biyu, ƙofofin fita sun ƙaru: zinariyar Jado tun 2014, ci-rani a Aljeriya da Libiya, ko babur na haya. Shi ya sa ake ƙara jin *kamasho*, aro daga Ingilishi ta hanyar Nijeriya, a bakin matasan da ke son a yanka musu kaso a kan kowane buhu. Wasu masu gida sun haɗa biyun: kamasho a hannu, jari a gaba, wa'adi kuma a gaban shaidu.

Game da fassara, masana zamantakewa sukan ce *client*, amma a rubutun da ya shafi kasuwa mai karatu zai ɗauka mai saye ake nufi. A shafin Faransanci na wannan takarda mun bar *yaro* da *sallama* yadda suke, da ɗan bayani a wurin da suka fara fitowa.