Ƙungiyar Froude ta Delft da Ilimin da ke Hana Jirgi Kifewa

A birnin Delft na ƙasar Holan, kusa da Rotterdam mai tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai, akwai ƙungiyar ɗalibai da ta haura shekara 120 tana aiki. An kafa ta a 1903 domin masu karatun zayyana da ƙera jiragen ruwa, a makarantar da a yau ake kira Jami'ar Fasaha ta Delft, aka raɗa mata sunan William Froude. Duk wanda ya san halin ƙungiyoyin ɗalibai, yau a kafa, gobe shugabanni su gama karatu a watse, zai so ya ji abin da ya riƙe wannan.

Mutumin da ta ci sunansa ɗan Ingila ne, an haife shi a 1810, ya yi aikin shimfiɗa layin dogo a ƙarƙashin shahararren injiniya Brunel. A zamaninsa yawancin maƙera jirgi gado da kintace suke bi, sai an gama kashe dukiya an tura jirgi cikin teku sannan a san halinsa. Kintacen yakan zo da tsada. A watan Satumba na 1870 sabon jirgin yaƙin Ingila mai suna Captain ya kife cikin iska a gaɓar Sifen, mutum kusan 500 suka halaka, saboda bakinsa ya yi kusa da ruwa ainun, nauyi kuma ya taru a sama.

Froude ya dage a kan cewa ana iya sanin halin jirgi tun yana ɗan samfuri. Rundunar sojan ruwan Ingila ta ba shi fam 2,000, ya gina dogon kwarmin ruwa mai tsawon mita 85 kusa da gidansa a Torquay, ya shimfiɗa dogo a samansa, ya ɗora amalanke mai jan samfurin da aka sassaƙa da kakin kyandir, ma'auni yana rubuta ƙarfin da jan ya ci. Ya raba turjiyar ruwa gida biyu: gogayyar ruwa da jikin jirgi, da kuma ƙarfin da ke salwanta wajen tayar da igiyar ruwa. Sannan ya fitar da ƙa'idar gudu. Idan jirgi mai mita 100 zai yi tafiyar kilomita 30 a sa'a, to samfurinsa mai mita 4, wanda aka rage shi sau 25, za a ja shi a kilomita 6 a sa'a, wato an rage gudun sau 5 kawai. A wannan gudun igiyar da samfurin ke tayarwa takan fito da siffa ɗaya da ta babban jirgin. Froude ya rasu a 1879 a Afirka ta Kudu, amma har yanzu a kan ƙa'idarsa ake aiki a kwarmin gwaji na Delft mai tsawon mita 140 da ɗoriya, haka ma a cibiyar bincike ta MARIN da ke Wageningen.

Lissafin, malamai ke koyar da shi a aji. Ƙungiyar kuwa ta ɗauki abin da aji ba ya iya bayarwa. Tana sama wa ɗalibai littattafai, tana gayyato injiniyoyin kamfanoni su yi bayanin aikin da ke hannunsu, tana kai 'ya'yanta ziyara ma'aikatun ƙera jirgi da tashoshin ruwa a gida da waje. A ganina ziyarar nan ce ƙashin bayan komai. Ɗalibin da ya saba jan layi a kwamfuta, ran da ya tsaya ƙarƙashin gangar jirgin da ba a gama ba, ya ɗaga kai ya ga haƙarƙarin ƙarfe a jere, ya ga mai walda ya lanƙwashe cikin wani lungu da kafaɗa ba ta shiga sai da dabara, daga ranar ba ya sake zana lungun da hannu ba zai kai ba. Kuma shugabancin ba na jeka-na-yi-ka ba ne. A al'adar jami'o'in Holan, 'yan kwamitin irin wannan ƙungiya sukan sassauta karatu ko su ajiye shi na shekara guda, su riƙe kuɗi, su ƙulla yarjejeniya da kamfanoni, su miƙa lissafi ga magada. Tsofaffin 'yan ƙungiya su ne ma'aikatan kamfanonin da ake ziyarta, saboda haka ƙofa ba ta rufuwa.

Kusancin makaranta da ma'aikata ya haifar da abin gani da ido. A Delft aka ɓullo da goshin jirgi mai siffar gatari, wanda ke yanka igiyar ruwa maimakon ya hau ta ya faɗo, kamfanin Damen kuma ya ƙera jiragen sintiri da na jigilar ma'aikata masu yawa a kan wannan zayyana.

Delft ba ita kaɗai ba ce. Ɗaliban Trondheim a Norway suna da tasu mai suna Mannhullet tun 1917, kuma tun 1980 ɗaliban wannan fanni a Turai ke haɗuwa gasar jiragen da ake tuƙawa da feda, kowace tawaga da wanda ta ƙera da hannunta.

Abin da ya sa na damu da wannan labari yana nan gida. A watan Mayu na 2021 jirgin da ke kan hanyar Wara a jihar Kebbi ya dare a tsakiyar kogin Kwara ɗauke da mutum fiye da 150. A Nuwambar shekarar, kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, akasarin mamatan yara ne 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 sama da mutum 100 masu dawowa daga biki suka rasu a yankin Patigi. Allah Ya jiƙansu. Bayan kowanne sai a ce lodi ya yi yawa, a yi kira a sa rigar kariya. Gaskiya ne, amma wa ya auna jirgin ya faɗi iyakar lodinsa? Gwajin ba ya buƙatar kwarmi mai tsada. Ana ɗora nauyin da aka sani a tsakiyar jirgi, a matsar da shi gefe, a duba yadda zaren da aka rataya wa dutse ya kauce, daga nan a lissafa yawan abin da jirgin zai ɗauka da tsayin da kaya za su kai kafin ya zama haɗari. Sai a shata layi da fenti a jikinsa, irin wanda dokar Ingila ta wajabta wa jiragen kasuwanci tun 1876, wanda ko fasinjan da bai yi boko ba zai gane in ruwa ya shanye shi.

Ɗalibin aji uku a wannan fanni zai iya wannan aiki. Muna da Jami'ar Harkokin Teku a Okerenkoko da makarantar harkokin teku ta Oron, muna da sassan injiniya a Minna da Zariya da Kano. Kirana ga ɗalibansu shi ne su haɗa ƙungiya, su nemi izinin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da ke Lokoja, su yi ziyararsu ta farko zuwa bakin ruwa a Yawuri. Su gaida Sarkin Ruwa, su zauna da masassaƙa su ji abin da suka gada, sannan su auna jiragen da ke zuwa kasuwa kafin ruwan damina mai zuwa ya cika kogi.