Zafin Minna Da Na'urar Sanyi Mai Baki Biyu

Daga Wakilinmu a Minna

Duk wanda ya taɓa kwana a Minna cikin watan Maris ya san abin da ake kira bazara. Da rana zafi yakan kusanci digiri 40, da dare kuwa ginin bulo da rufin kwano su dinga amayar da zafin da suka sha tun safe, har mai gida ya kwashi tabarma ya koma tsakar gida. Haka abin yake daga Bosso zuwa Tunga, daga Kpakungu zuwa Chanchaga.

Abin mamaki shi ne, jihar Neja ce ake yi wa kirari da jihar lantarki. A nan madatsar Kainji take, wadda aka gama a 1968, ga ta Shiroro a kan kogin Kaduna tun 1990 mai ƙarfin megawat 600, ga kuma ta Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023. Amma wutar tana shiga babban layin ƙasa ne, a raba ta, mutumin Minna ya jira kasonsa kamar kowa.

Kason nan kuwa ya yi tsada. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙara wa masu rukunin "A", watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kuɗin yunit ɗaya daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi takan ci kimanin yunit ɗaya a awa. Idan ta yi awa 8 kowane dare, a farashin nan kuɗin wata ya kai naira 54,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a wannan shekarar naira 70,000 ne. Janareta ma ba mafita ba ne tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Wannan ne ya sa hankalin masu ofisoshi, da asibitoci, da masaukin baƙi ya fara karkata ga na'urar da masu sana'ar ke ce wa "haibirid", mu kuwa za mu ce mai baki biyu. A Amurka da ƙasashen Turai ma'anarta ita ce na'urar da ke ɗumama gida da lantarki, idan sanyi ya tsananta ta koma kan iskar gas. A nan ƙasar bakin nata biyu su ne hasken rana da wutar layi. Da rana tana sha kai tsaye daga faifan sola da ke kan rufi, in gajimare ya rufe ko rana ta faɗi sai ta cike giɓin da wutar kamfani. Hikimar a fili take: lokacin da zafi ya fi tsanani, lokacin ne kuma rana ta fi ba da wuta.

Bugu da ƙari, injinta irin na "inbata" ne. Tsohuwar iyakwandishan ta san abu biyu kawai, ta tashi da dukan ƙarfinta ko ta mutu, kuma kowane tashi sai ta fizgi wuta har fitila ta dushe. Ita wannan takan rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi, ta ci gaba a hankali. Wasunsu kuma ana iya juya aikinsu, su kwaso ɗumi daga waje su shigo da shi ɗaki. A Minna ba a cika bukatar wannan ba sai 'yan makonnin hunturu na Disamba da Janairu, amma ko ba komai ya fi a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, abin da ke iya kashe mutum cikin barci.

Sai dai a faɗi gaskiya, kuɗin sayenta da na faifan sola ba na talaka ba ne. Ƙurar hunturu tana lulluɓe faifan, dole a riƙa wanke shi. Wadda ba ta da batir kuma, da dare in an ɗauke wuta, ta zama kayan ado. Sannan ba kowane mai gyaran firji ne ya iya allon lantarkinta ba. A nan ne ake sa ran Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, za ta taimaka wajen horar da matasa.

A ganina, inda muka fi yin sakaci shi ne ginin kansa. Kakanninmu sun yi soro da tubali da azara, bango mai kauri, taga 'yar ƙarama, ɗaki ya wuni da sanyi ba na'ura. Mu muka zo muka kafa kwano ba silin mai tare zafi, muka buɗe manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, muka sare itatuwan ƙofar gida. A 2017 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi, wadda ta yi magana a kan girman taga, da inuwa, da abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Ƙa'idar ba ta hawa kan mai gini sai jiha ta karɓe ta, ta kuma sa masu duba taswirar gini su tambaya kafin su buga hatimi.