Masara mai saurin nuna: Abin da manomi zai duba kafin ya sayi iri

A yankunan Kano, Katsina da Jigawa, inda damina ba ta cika wuce watanni huɗu ba, zaɓen irin masara yakan raba manomi da riba ko asara tun kafin ya ɗauki fartanya.

Kafin shekarun 1970, masara abar bayan gida ce a yawancin ƙasar Hausa. Ta zama amfanin gona na kasuwa ne bayan da aka buɗe shirye-shiryen raya aikin gona na Funtua, Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun, aka kuma yaɗa irin TZB da takin zamani.

Sai dai irin na wancan lokaci yakan kai kusan kwana 120 kafin ya nuna, abin da ya sa ya fi dacewa da kudancin Katsina da Kaduna.

Masana a cibiyar IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, sun kasa masara gwargwadon kwanakinta. Mai saurin nuna takan ɗauki kwana 90 zuwa 95, wadda ta fi ta sauri kuma kwana 80 zuwa 85.

Daga cikin kashi na biyun akwai SAMMAZ 28 mai ruwan ɗorawa da SAMMAZ 29 fara, waɗanda aka fitar a shekara ta 2009, kuma dukkansu suna jure wa wuta-wuta.

Wannan sauri yana da farashi. Masarar da ta yi kwanaki kaɗan a gona ba ta tara ƙwaya kamar mai dogon zango, don haka manomin da ke samun ruwa wadatacce, kamar a Saminaka, ba lallai ba ne ya ci riba da ita, sai fa idan ya makara wajen shuka.

Amma inda ruwa kan ɗauke tun cikin watan Satumba, buhunan da suka shigo gida sun fi waɗanda suka bushe a kara. Ga shi kuma tana nuna a daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada.

Da yake karanta gajere ne, ana matse shukarta: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 40 tsakanin rami da rami, tsiro biyu a kowane rami. Taki kuma ba ya jira, domin jinkirin mako biyu babban giɓi ne ga shukar da duk rayuwarta ba ta kai wata uku ba.

Ya kamata mai saye ya tambaya ko irin mai aure ne. Idan mai aure ne, ba a ajiye 'ya'yansa don shukar baɗi.

Ga masu noman ɗanya domin gashi ko dafuwa, lissafin ya ɗan bambanta, tun da ana karyar masarar kimanin mako uku bayan fitar gemu, kuma wanda ya riga kai wa kasuwa shi ke yanka farashi.

A nan ne ake ruɗa ɗanyar masara da masara mai zaƙi, wadda aka fi sani a Amurka. Ita wannan jinsi ce dabam, wadda sukarinta ba ya saurin rikiɗewa ya zama gari. Nau'inta mafi zaƙi ya samo asali ne daga binciken John Laughnan na Jami'ar Illinois a shekarun 1950.

Masu saurin nuna daga cikinta sukan kai ga karya cikin kwana 60 zuwa 70, amma goyonsu kan yi ƙanana. Irin da aka samar domin ƙasashe masu sanyi kuma yakan yi fure da wuri a zafin nan, tun karan bai yi ƙwari ba, saboda haka gwaji a 'yan kunyoyi ya fi cika gona da shi.

Babbar matsalarta maƙwabtaka ce. Idan iska ta kwaso ƙurar furen masarar gargajiya ta zuba a gemunta, ƙwayar takan yi tauri, zaƙin ya tafi. Maganin shi ne a nesanta gonakin, ko a bar tazarar aƙalla mako biyu tsakanin lokacin furensu.