Illolin Haɗaɗɗen Maganin Kaska da Tsutsa a Jikin Kare

A da mai kare a Amurka yakan sayi maganin kaska da ƙuma daban, na tsutsar ciki daban, na tsutsar zuciya, wadda sauro ke yaɗawa, shi ma daban. A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, watau FDA, ta amince da wata ƙwaya mai suna Simparica Trio, wadda ta haɗa magunguna uku, ana ba kare sau ɗaya a wata. Sauƙi ya samu, babu shakka. To, amma in kare ya sha ya kwanta, wanne za a tuhuma cikin ukun?

Akasarin karnuka lafiya lau suke sha. Waɗansu kan yi amai, ko zawo, ko kasala, su ƙi abinci, sa'an nan su warware. Na ukun, pyrantel, mai kashe tsutsar ciki, ba safai yake jawo magana ba.

Na farkon shi ne sarolaner, wanda ke kashe kaska ta hanyar rikita jijiyoyinta. Tun 2018 hukumar nan ta yi gargaɗi cewa dangin wannan magani na iya sa kare karkarwa, da tangaɗi, har da farfaɗiya, ko da bai taɓa yin ta ba. Saboda haka karen da ya taɓa farfaɗiya, wajibi ne a gaya wa likitan dabbobi kafin a ba shi.

Na biyun, moxidectin, ɗan'uwan ivermectin ne. A 2001 masana a Jami'ar Jihar Washington suka gano cewa karnuka da yawa na jinsin Collie suna gadon wata tawaya, wadda ke barin irin wannan magani ya kutsa cikin ƙwaƙwalwa. Abin da ke cikin ƙwayar wata-wata kaɗan ne, bai kai ya cuce su ba. A ganina haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne a zuƙo allurar ivermectin ta shanu a tsira wa kare da ka, ba awon nauyi.

Har wa yau, akan gwada jinin kare kafin a fara, domin in tsutsar zuciya ta riga ta hayayyafa, mutuwar 'ya'yanta gaba ɗaya na iya kayar da shi. Kuma ƙwayar nan, da zarar ta narke ta bi jini, makonni take yi a jiki, ba ta fituwa don an so. Abin da likita zai iya kawai shi ne ya yi maganin alamun, ya nemi sanin nauyin karen, da sunan ƙwayar, da ranar da aka ba shi.