Dokar kullen korona: Abin da bincike ya nuna kan 'yan sanda da yardar jama'a, da darasinsa ga Samaru da Sabon Gari

A ranar 26 ga Maris, 2020, gwamnatin Jihar Kaduna ta sanya dokar hana fita ta sa'o'i 24 domin daƙile cutar korona. Bayan kwana biyu, gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya sanar cewa shi ma ya kamu. An rufe kasuwanni da masallatai da coci-coci, aka kafa kotunan tafi-da-gidanka, kuma sai a watan Yuni aka sassauta dokar.

A Zariya, Samaru da Sabon Gari sun ji jiki. Samaru dai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello take numfashi: mai sayar da abinci, mai shagon buga takardu, mai ɗakunan haya, duk su suke kallo. Ga jami'a a rufe, ga yajin aikin ASUU da ya kai har Disamba. A kasuwar Sabon Gari kuwa, ɗan dako da mai tura baro sai sun fita za a ɗora tukunya a gidajensu.

To, me ke sa irin wannan mutum ya bi doka? Tsoron jami'in tsaro ne, ko yarda da wanda ya kafa ta?

Adalci kafin bulala

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya. A 1990, Farfesa Tom Tyler na Amurka ya wallafa binciken da ya yi a birnin Chicago, inda ya gano cewa mutane sun fi bin doka idan suna ganin hukuma ta cancanci a yi mata biyayya. Ita kuma wannan cancanta tana samuwa ne daga mu'amala: a saurari mutum, a mutunta shi, kada a nuna bambanci, sannan ya ga niyyar jami'i mai kyau ce.

Lokacin kullen Birtaniya, masu bincike irin su Jonathan Jackson da Ben Bradford sun ga cewa ba tsoron kamu ne ya zaunar da yawancin mutane a gida ba. Ganin cewa abin daidai ne, kuma kowa na yi, shi ya fi tasiri.

A Laberiya ma, binciken da aka yi a Monrovia kan annobar Ebola ya nuna cewa waɗanda ba su yarda da gwamnati ba sun fi ƙin bin matakan kariya, ko da sun san yadda cutar ke yaɗuwa.

Sai dai Justice Tankebe ya ƙara wani abu daga Ghana a 2009: a can, haɗin kan jama'a ya fi rataya ne a kan ko 'yan sanda na iya kare su. Wato kyakkyawar magana kaɗai ba ta isa ba, sai an ga aiki.

Yadda ta kaya a gida

A tsakiyar Afrilun 2020, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle, alhali a lokacin cutar ba ta kashe adadin haka ba. Goma sha biyu daga cikinsu a Jihar Kaduna ne. Hukumar ta kuma karɓi ƙorafe-ƙorafe 105, ciki har da na duka da karɓar na-goro.

Irin wannan labari ba ya tsayawa inda ya faru. Idan mai shago a Samaru ya ji cewa mai kuɗi na wuce shinge, talaka kuma na shan kulki, sai ya daina kallon dokar a matsayin kariya. Daga nan sai a koma ciniki ta ƙofar baya, a riƙa cewa cutar ta masu kuɗi ce. Ganin yadda aka fasa rumbunan kayan tallafi a jihohi da dama a watan Oktoba, har da Kaduna, ya ƙara wa masu shakku ƙarfi.

Arewa ta taɓa ganin haka. Ƙauracewa rigakafin shan-inna a Kano a 2003 ba da ƙarfin bindiga ta kau ba, sai da sarakuna da malamai suka sa baki.

Kafin wata annobar ta zo

Kwalara da zazzaɓin Lassa da mashaƙo ba su daina leƙo mu ba, don haka wata rana za a sake buƙatar jama'a su bi umarnin lafiya. Abin da binciken ke nunawa shi ne, yardar da za a nema a ranar, tun yau ake tara ta: a ofishin 'yan sanda idan an kai ƙara, a kan titi idan an tsayar da direba, da kuma wurin zama da masu unguwanni, limamai, fastoci da shugabannin 'yan kasuwa kafin a yanke hukunci.

Sannan duk wanda zai ce wa ɗan dakon Sabon Gari ya zauna a gida, sai ya fara amsa masa tambaya ɗaya: me yaransa za su ci yau?