Jiki Magayi: Illar Jera Tarukan Aiki Ba Hutu

Ƙarfe goma sha ɗaya saura minti ɗaya, ma'aikaci yana gaban kwamfuta. Shugaban taro bai gama jawabin rufewa ba, ga wani taron na jiran sa goma sha ɗaya daidai. Ya fita wannan ya faɗa wancan. Shayin da ya haɗa tun safe ya huce, fitsari ya matse shi, amma abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Kuna ji na?" Kafin la'asar ya zauna mitin biyar, kansa na sarawa, in ka tambaye shi me aka yanke a na uku sai ya hau inda-inda.

Abin ya yi ƙamari ne da zuwan annobar korona. A Disambar 2019 masu shiga taro ta manhajar Zoom kusan miliyan 10 ne a rana, zuwa Afrilun 2020 sun kai miliyan 300. Da can, ko ba komai mutum zai tashi daga wannan ɗaki ya taka zuwa wancan, ya gaisa da abokin aiki a hanya. Taron intanet ya cinye wannan 'yar tazarar.

A 2021 kamfanin Microsoft ya gwada abin a kan mutum 14. An sa wa kowannensu hula mai auna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Wata rana suka yi taro huɗu a jere, kowanne rabin awa, ba tsayawa. Wata ranar kuma suka yi huɗun, amma da hutun minti 10 a tsakani, suna zaune shiru suna kwantar da hankali. A ranar da ba hutu, alamar damuwa a ƙwaƙwalwa ta yi ta taruwa daga taro zuwa taro, tana kuma yin tsalle daidai lokacin sauyawa daga ɗaya zuwa wani. A ranar hutu kuwa ba ta taru ba, kuma mutanen sun fi mai da hankali. Taruka iri ɗaya ne, tsawo ɗaya, minti 10 ne kawai ya raba su.

Me ya sa? Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki ya kama wani, wani sashe na hankalinsa kan maƙale a na farkon, musamman in bai kammalu ba. Ka shiga taron kasafin kuɗi, zuciyarka na can wajen gardamar da aka yi ɗazu. Shi kuma Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford da ke Amurka ya lissafa abin da ke gajiyar da mutum a taron bidiyo: fuskoki sun yi maka caa da ido kusa-kusa, kana ta kallon kanka kamar mai riƙe da madubi, ba damar motsi, ga wahalar karanta yanayin mutane ta allo.

Maganin ba mai tsada ba ne. Taron awa ɗaya a mai da shi minti 50, na rabin awa ya koma 25. Abin da saƙo zai isar kada a tara masa jama'a. A farkon 2023 kamfanin Shopify na Kanada ya soke tarukan da aka saba maimaitawa na sama da mutum biyu, ya kuma ware Laraba ba taro.

Sai dai a lura, ajiye kwamfuta a ɗauki waya ba hutu ba ne, sauya allo ne. A tashi tsaye, a miƙe, a sha ruwa, a leƙa waje ido ya hangi nesa. Mai yin salla ma ya riga ya samu tsari: ruwan alwala a fuska, 'yar tafiya zuwa masallaci, da tsayuwa cikin natsuwa. Kuskure ne a riƙa danne azahar da "bari mu ƙarasa wannan batun".

Nauyi mafi girma yana wuyan shugabanni, domin su ke da wuƙa da nama wajen sa lokaci. Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ce wa maigida "Ranka ya daɗe, na gaji" ba. Jikinsa ne zai faɗa, da ciwon kai, da saurin fushi, da kuskure a aiki. Gara a ba shi minti 10 yau da a sa hannu a takardar hutun jinyarsa gobe.