Na'urar Sassaƙa ta Kan Tebur a Shagunan Madina: Matsalolinta da Hanyoyin Gyara

Shirin musamman na yau ya nufi birnin Madina, inda shagunan tsaraba da ke kewaye da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suke zana sunayen alhazai da masu Umara a jikin zobba, alƙaluma da allunan katako.

Zana rubutu a jikin ƙarfe tsohon abu ne a wannan gari, domin zoben azurfan da Manzon Allah ya riƙa hatimce wasiƙunsa da shi yana ɗauke da rubutu cikin layi uku, kuma zoben ne ya faɗa rijiyar Aris da ke kusa da Ƙuba a zamanin Halifa Usman. A yau ƙaramar na'ura mai bin umarnin kwamfuta, wadda ake kira CNC, tana yin irin wannan aiki. Tana tafiyar da tsinke mai juyawa hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa, kuma sanannen samfurinta, 3018, ya samo sunansa ne daga girman faifansa, wato santimita 30 da 18.

Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce gocewar zane, inda rabin suna zai fito daidai, sauran rabin kuma ya karkace. Dalili shi ne injunan da ke tura tsinken suna tafiya ne taku bayan taku, kuma idan suka tsallake taku na'urar ba ta farga, sai ta ci gaba a kan kuskure. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ƙananan sukurorin da ke haɗa injin da sandar zare, sannan dusar katako da ta daskare a jikin sandar, sannan gudun da aka ba na'urar. Yanayin Madina yana ƙara wa matsalar nauyi, domin a watannin Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40, kuma allon lantarkin da ya yi zafi fiye da kima yakan katse aiki, saboda haka fanka da shara a kullum wajibi ne.

Idan kuwa zanen ya yi zurfi a gefe guda ya yi sama-sama a ɗaya gefen, to faifan bai miƙe ba; idan kuma zurfin gaba ɗaya ne bai yi daidai ba, to ba a daidaita mafarin tsinke ba. Domin daidaita mafarin, masu sana'ar kan saka takarda tsakanin tsinke da katako, su riƙa sauke shi a hankali har sai takardar ta soma cijewa. Karyewar tsinke kuma takan faru ne idan aka nemi cin zurfi mai yawa a wucewa guda.

Akwai matsalar da ta shafi Larabci da Ajami kai tsaye. Yawancin manhajojin sassaƙa an gina su ne domin rubutun boko, shi ya sa sukan raba haruffan da ya kamata su haɗu, su kuma jera su daga hagu zuwa dama. Maganinta shi ne a tsara rubutun a manhajar da ta san Larabci, a mayar da shi zane, sannan a karanta shi harafi bayan harafi, musamman ɗigo, tun da abin da ake sassaƙawa sau da yawa sunan Allah ne ko aya, kuma kuskure a kan azurfa yana da wuyar gogewa.

Ga masu amfani da hasken leza, dusashewar zane takan fito daga dattin gilashi ko rashin daidaita tazara, kuma bai kamata a taɓa ƙona robar PVC ba, domin hayaƙinta guba ne ga huhu, yana kuma cin ƙarfe.

Ƙa'idar da ta tattara duka ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada a kan guntun katako kafin a taɓa kayan mai saye, wanda wataƙila jirginsa na Kano ko Yamai zai tashi washegari.